'Yar Canji a Gadar Desaguadero

Teburina ƙarami ne, ƙafarsa ɗaya ta gaza,
na tokare ta da dutse.
Shekara goma sha tara ina bakin gadar nan,
ina mai da kuɗin Peru na Bolibiya,
ina mai da na Bolibiya na Peru.
Na san farashin safe, na san na yamma.
Abin da ban taɓa sani ba
shi ne nawa ake canjin haƙarƙari biyu
in mai karya su ya tsallake ruwa.

Eulogia Tarqui ke sai da kifin tafki a gefena.
Ran Talata ta zo da hularta a karkace,
mayafin ulu har bisa hanci.
Ta ce ƙofa ce ta buge ta.
Ƙofa mai yatsu biyar,
ga shatinsu kwance a wuyanta.

Ceferino kuwa, tun rana ba ta taɓa tsaunuka ba
ya tsaya gabana ya canji kuɗin mota.
Ni da hannuna na ƙirga masa.
Taki tamanin, ya zama baƙon wata ƙasa.
Ɗan sandan nan ya ce ikonsa ya ƙare a tsakiyar gada,
na can ya ce ba a gabansa aka yi ba.
Kogi dai na ta wucewa,
ba wanda ya tambaye shi takarda.

Mun ji a rediyo an yi taro.
Manya sun sa hannu,
wai daga yau in duka ya ƙetare iyaka
hukunci ma zai bi sawunsa.
Na yi murna, ba zan ɓoye ba.
Amma takarda in za ta hawo tudun nan
haki take yi kamar baƙo,
ta yi taki uku, ta zauna ta huta.

Kafin ta iso, Bernardina Cutipa ta iso
daga wancan tsallake,
da littafi mai baƙin bango a ƙullin goyonta
da usur goma sha biyu, irin na 'yan ƙwallo.
Ta ce, "Mu da ke tsallakar da dankali,
da mai, da sukari, cikin sanyi mai fasa leɓe,
suna ɗaya ne zai gagare mu ɗauka?"

Muka rubuta shi.
Sunansa, tabon haɓarsa, jar rigar sanyinsa.
Masu burodi suka haddace,
masu tura keken kaya suka ji,
wasunsu suka sunkuyar da kai.
Ban tambaye su dalili ba.

Wata huɗu. Ran wata Juma'a, kasuwa ta cika ta batse,
sai ga hannu ya ajiye kuɗi a teburina.
Na san faratan.
Ban ƙirga ba.
Gwiwata na rawa, bakina ya bushe,
busar farko iska ce kawai ta fita.
Ta biyu ta tashi.
Daga ƙasar da ba tawa ba aka amsa,
sannan nan, sannan can,
har tsuntsayen tafki suka watse.
Ya juya gabas, mata. Ya juya yamma, mata.
Gadar da ta saba ɓoye shi ta rasa baki.

Kada in yi muku ƙarya:
shari'a na nan tana jan ƙafa,
an ɗaga zama sau uku.
Kunnen Eulogia na hagu bai dawo ba,
shi ya sa na koma zama ta damanta.
Amma hularta a miƙe take yanzu,
kuma jiya ta yi wa wani tsawa kan cikon kifi.

Littafin ya kai suna arba'in da ɗaya.
Ɗaya na ɗan ƙanwata ne.
Ni na rubuta, alƙalamin ya yi nauyi.

Gobe ma kasuwa.
Zan gyara dutsen ƙarƙashin tebur,
in jera kuɗin ƙasa biyu,
usur a wuyana, cikin riga,
inda yake ɗaukar ɗumin jikina.