Alli

Wata uku Gwaggo Tabawa na Landan,
abin da ta sani tagar hawa na tara,
da jaririn da ta zo yi wa wanka,
da ruwan sama mai zuba ba tsawa.
Ran Asabar na ce, Gwaggo, ɗauko rigar sanyi.
Ta ce, "Ina kuma za a kai tsohuwa?"

Tashar Biktoriya, tara saura kwata.
Ta ƙulle tikiti a bakin gyale kamar kuɗin adashi.
Jajayen gidaje suka biyo mu kafaɗa da kafaɗa,
can gaban Kuroidon suka gaji, suka koma.
Sai kore, kore har inda ido ya ƙare.
"Ashe suna da ƙasa," in ji ta,
"na zaci duk sun shafe ta da kwalta."

A Luwis muka sauya jirgi.
A Sifod iska ta tarbe mu ba sallama,
ta fizge gyale, ta cika mana baki da gishiri.
Muka kama hawan tudu, taku goma, hutu ɗaya.
Na karanta mata rubutun jikin benci:
wani Harold, ya rasu, yana son wurin nan.
Ta ce, "Mutumin kirki. Ya tafi ya bar wa baƙi mazauni."

Tumaki ga su nan birjik,
ba makiyayi, ba sanda, ba mai kora.
Ta ƙirga arba'in ta daina,
ta waiga ko mai su na ɓoye a wani wuri.

Sai tudun ya yanke.
Ga teku a ƙasa yana nishi,
ga duwatsun nan farare tas, bakwai a jere,
kamar an shanya zannuwan da ba a kai marina ba.
Na ciro waya in karanto mata tsayinsu,
da shekarun da masana suka ƙiyasta.
Ba ta ji ni ba.
Ta riga ta duƙa, ta tsinci ɗan gutsure,
ta murza tsakanin babban yatsa da manuni,
ta kai hanci, ta sake murzawa.

"Alli ne, Ɗanjuma."
Ta yi dariya har da share ƙwalla.
"Mu a Bakori sai mun ƙona ƙashi,
mun daka, mun kwaɓa, mun dunƙula,
kafin a sami na kwabo.
Ga shi Allah ya tara gari guda
ya ba mutanen da ba sa kaɗi."

Jikin wayar shinge akwai gashin tunkiya.
Ta tsince shi, ta saɓe, ta ja,
ba mazari, ba tasa,
farin yatsa kawai da tsohon sani.
Zare ya fito siriri, yana rawa a iska.
Ni kuwa na koma ɗan shekara bakwai,
kwance gefen tabarma, fitila na lumshe ido,
mazari na gurnani har barci ya sace ni,
ban san kuɗin takalmina ake juyawa ba.

Masu yawon buɗe ido na ɗaukar dutse hoto.
Wata mai jan kare ce kaɗai ta tsaya,
ta ba teku baya, tana kallon hannun Gwaggo.

Kifi da dankali muka ci a takarda,
wani farin tsuntsu ya wafce rabonta,
ta ce ta yafe, ƙila da 'ya'ya a gida.

A jirgin komawa ta yi barci riƙe da hannun kwat ɗina,
ta bar mini sawun yatsu biyu, farare.

Yanzu sati shida da tafiyarta.
Zaren, kamu ɗaya, na ɗaure da makullin gida.
Rumasa'u ta ce kwat ɗin nan na son wanki.
Na ce eh, na sani,
bari dai sanyi ya wuce.