Sallama Dama da Hagu

Ƙarfe uku na dare a barandar asibiti.
Ruwan Agusta ya ɗauke, ya bar wa Jos sanyinsa.
Na shimfiɗa kwalin taliya a gindin bango,
na ta da kabbara da yatsun da suka ƙage.
A ciki Tasi'u na jan numfashi ta roba,
ƙanena, wanda ko mura ba ta cika kama shi ba.

Raka'a biyu. Na juya dama na yi sallama,
na juya hagu na sake.
Shekara talatin ina wannan gaisuwa,
ban taɓa dakatawa in ji ko ana amsawa ba.

Daren nan aka amsa.
"Amin, 'yata," in ji wata tsohuwa daga dama,
Ngo Kaneng, mai dankali a Farin Gada,
da littafinta mai baƙin bango a cinya.
Jikanta na gado na bakwai, mu muna na tara.
Ta yafa mini rabin bargonta,
ta tsiyaya shayi a murfin filas,
ta kurɓa, ta miƙo, na kurɓa.
Ba ta tambayi unguwarmu ba, ban tambayi tasu ba.
A garin nan wannan ma sadaka ce.

Hagu kuwa ba kowa,
sai bokiti da tsintsiya da wata ramammiyar mage.
Amma kafaɗata ta yi ɗumi
kamar an jingina.
Sai na tuna kakana Na-Allah
da ramin kuza ya rufta da shi a Bukuru
tun uwata tana goye.
Ba mu da kabarinsa. Kududdufi ne yanzu, kore shar,
samari na wanke babura a bakinsa.
Ngo ta ce nata uban ma can ya kwana.
Ƙila rami ɗaya, ƙila akushi ɗaya suka ci ranar.
Wa ya sani? Ƙasa ba ta da surutu.

Ban ce na ga wani abu ba.
An koya mana marubuta biyu ne a kafaɗun mutum,
ba sa gyangyaɗi, ba sa neman bargo.
Ni dai na san barandar ta cika:
masu tari a bayan labule,
waɗanda suka riga mu kwanciya,
da waɗanda ba a ba ido izinin gani ba,
kowa ya muskuta wa wani
kamar a motar haya ranar kasuwa.

Jinin da ke ɗiga a hannun Tasi'u
ba na gidanmu ba ne.
Wani ne ya naɗe hannun riga wata Talata,
ya sha lemo, ya tari keke, ya tafi harkarsa.
Ko sunansa babu a jikin ledar.
Ga shi yana zaga zuciyar ɗan uwana
bai ko san ya yi sabon gida ba.

Kafin ladan ya gyara murya
Ngo ta yi barci a kafaɗata, bakinta na motsi.
Ban san da wa take magana ba,
amma na ji sunan Tasi'u a ciki.

Nas ta leƙo: "Mai gado na tara, yana neman ruwa."
Na zame a hankali, na mayar mata da bargon duka.
A bakin ƙofa na waiwayo,
na yi wa dama sallama,
na yi wa hagu,
na ɗan jira.