Daƙiƙa Casa'in

Bayan asuba, ciyawar filin Kongo da raɓa,
Saje Barau da usur a wuya, agogo a tafin hannu.
Mu bakwai ne a layi, ni ne mai tumbin cikinsu,
tela daga Tudun Wada da likita ya yi wa kashedi:
kana zaune kan keke, Malam, jininka kuwa na hawa.

Usur! Daƙiƙa talatin, gudu iya ƙarfinka,
kamar ka tuna dutsen guga kan shaddar mutane.
Usur! Dakata. Casa'in naka ne, taka a hankali,
hannu a ƙugu, huhu na ciniki da iska.
A nan ni da Saje muka fara saɓawa.

Na ce, Saje, ban rufe shago don tsayuwa ba,
ɗinkin biki goma sha biyu na jirana.
Rage mini casa'in ɗin nan ya koma ashirin,
in yi sau takwas ɗina in kama hanya.
Ya dubi tumbina, ya dubi agogonsa,
ya ce to, ba tare da ko murmusawa.

Karo na farko na wuce Tanimu mai karatun lauya.
Na biyu ina nan dai. Na uku gwiwa ta zama kunu.
Na huɗu sunan gudu kawai ya rage,
akuyar da ke kiwo a gefe ma ta fi ni sauri.
Na biyar na rungumi turken raga,
shayin jiya na neman hanyar fitowa.

Ya tsuguna kusa da ni, ƙafarsa mai tabo a miƙe.
Ya ce, ƙarfi rijiya ce a cikin cinyarka.
Ka ja guga, sai ka jira ta tsattsafo,
ka zura da wuri, laka ce za ta biyo igiya.
Gajeren hutu ma da aikinsa, ban ce babu ba,
shi ke koya wa zuciya jimiri, ya tsawaita numfashi,
amma ranarsa daban, kuma ba ka kai can ba.
Yau ƙarfi muke nema. Bar ta ta cika
kafin ka sake zurawa.

Sai na koma ɗalibin casa'in.
Yatsu biyu a wuya, ina ƙirga bugu.
Shekara arba'in da bakwai tana mini aiki a ƙirji,
ban taɓa tsayawa na ji muryarta ba.
Ƙaramin jirgin 'yan koyon tuƙi na kewaya Zariya,
balbela uku sun sauka bayan katanga,
ni kuwa ina jin ganga tana sassautawa.

Mako shida. Ba zan ce tumbin ya tafi ba,
ya dai ja baya kamar mai bin bashi mai kunya.
Kan keken ɗinki da yara biyu ke ɗaga mini
na ɗauke shi ni kaɗai ranar Laraba.
Bugun da ke cin casa'in kafin ya kwanta
yanzu a sittin yake lafawa.

Jiya Saje ya rage mana zuwa arba'in da biyar.
Na so in ce a mayar mini da casa'in ɗina,
Tanimu ya hango bakina, ya fashe da dariya.

Da hantsi a shago, tsakiyar wuyan wata riga,
na ɗage ƙafa daga feda, na jingina da bango.
Mai rigar ya ce, Malam Lawandi, an ɗauke wuta ne?
Na ce keken ƙafa ne, Alhaji, zauna,
rijiya ce ke tsattsafowa.