Ba Komai Ba Ne

Kakata Edna, a Whitby bakin teku,
kalma ɗaya take toshe bakin kowa da ita:
trifle.
Wato abin da bai taka kara ya karya ba,
abin da bai isa a ajiye cokali saboda shi ba.

Maƙwabciya ta zo godiyar miyar jiya,
sai ta kaɗa hannu: trifle.
Likita ya ce gwiwarta ta zaizaye,
ta ce trifle, likita, ai tana kai ni kanti ta dawo da ni.
Ranar da kakana Horace ya dawo daga teku
da kifi bakwai kacal a kwando,
fuska a murtuke, yatsu a daskare,
kalmar nan ta lulluɓa masa kamar bargo.

Sai dai kalmar tana da ɗaki na biyu.
Ita ce kuma sunan kayan zaƙin da take haɗawa duk Lahadi:
kek a ƙasa, ya sha ruwan 'ya'yan itace ya ƙoshi,
kastad a kansa, kirim a can sama fari fat,
cikin kwanon gilas da ta gada wajen uwarta,
mai tsaga a gefe.
Awa uku tana tsaye a kan gwiwar nan.
Awa uku, a kan "ba komai".

Horace ya rasu a Fabrairu.
Bayan an watse na shiga kwashe tarkacensa:
tabarau mai ƙafa ɗaya ɗaure da zare,
maɓalli biyu, ƙugiya mai tsatsa,
guntuwar takarda da ya sa "a sayo madara"
da rubutunsa mai kama da sawun ƙaguwa.
Na ɗaga su, na ari bakinta, na ce,
"Kaka, trifle ne, in zubar?"

Ta daɗe tana kallon tafin hannuna.
Tsuntsayen teku na ta kuka a kan rufi.
Ta ce, "Kawo."
Ta jera su ɗaya bayan ɗaya a aljihun rigar girkinta,
ta danne da hannu.

Lahadin da ta biyo ta sauko da kwanon gilas.
Awa uku.
Ta ɗauko cokali biyu, ta tsaya cak,
sannan ta miƙo mini ɗayan.
Na ci, na ce na gode.
Na jira kalmar.
Ba ta zo ba.