Talata a Sunderland

Sunana Turai tun ban ga Turai ba.
Kakata ce ta raɗa, wai zan sha daɗi.
Da za ta gan ni yau a wannan layi,
jakar leda a hammata, yayyafi ya jiƙa mayafi,
da ta karɓe sunanta.

Wata bakwai ina wanke tsofaffin garin nan,
ina juya su a gado, ina goge musu baki.
Wata Litinin aka ƙwace lasin kamfanin.
Bizata a wuyansu take rataye,
kuma an buga mata hatimi: ba ni da rabo a asusun gwamnati.
Mitar wuta na cin fam kamar gara a rumbu.
Na rage ɗumama ɗaki, na rage shayi,
na rage kiran gida
kada Inna ta jiyo yunwa a muryata.

Masallacinmu ma yana rabo,
sai dai mai riƙe da littafin ya san ƙanin babana,
kuma labari ya fi jirgi saurin isa Tudun Wada.

Sau uku ina zuwa ƙofar cocin ina juyawa.
Gicciye a sama, ni a ƙasa ina lissafi:
me za su nema a bakin shinkafa?
Amma abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta.
Na huɗu na shiga,
bayan wata Basomaliya mai keken jariri
da wata 'yar Bangaladash da miji ya ɓoye wa fasfo.

Wata mai furfura na jera gwangwanin wake.
Ta dubi takardata, ta dubi atamfar da ta leƙo ƙarƙashin kwat,
ta ce, “Sannu da ruwa.”
Da Hausa. A nan, bakin tekun da ba ya ɗumi.
Rifkatu, 'yar Kagoro,
shekara ashirin da shida tana aikin jinya.
A Kaduna da gada ta raba mu,
ita ta kwana kudu, ni arewa,
kowa na jin tsoron unguwar kowa.

Ta zare naman alade daga jakata tun ban buɗe baki ba,
ta maye shi da kifi biyu.
A ƙasa akwai ɗan littafi,
hoton makiyayi da ɗan rago a kafaɗa.
Ba ta ɓoye shi ba.
Ta ce, “Ina miki addu'a da sunan Yesu, ba zan miki ƙarya ba.
Amma shinkafar ba ta da igiya.”
Na ce, “Annabi Isa namu ne mu ma,
sai dai inda kika sauka ba nan na sauka ba.”
Ta ce, “To. Kina son madara?”

La'asar ɗin hunturu ba ta jira.
Ta buɗe mini ɗakin da suke tara kujeru,
ta shimfiɗa kwalin biskit.
Waya ta nuna alƙibla wajen wata tsohuwar ganga.
Na yi raka'a huɗu, ita tana tsaye a ƙofa
tana ce wa wani dattijo ya dawo an jima.

Littafin ban karanta ba.
Ban kuma jefar ba, akwai sunan Allah a ciki.
Yana saman firij, kusa da takardar haya.

Yau na kawo mata daddawa ƙulli biyu,
ragowar wadda Inna ta cusa mini a akwati.
Ta shinshina, ta rufe ido, ta daɗe.
Sannan ta sa tabarau, ta jawo fom ɗin lauya,
ta tambaye ni kwana nawa suka rage.

Na ce goma sha tara.
Ta ce, “Kawo biro.”