Wutar da Ba Ta Bi Ta Mita

Shekara goma sha tara ina gyaran wuta a Ulanbator.
Na san wayar da ta mutu, na san mai lamɓo.
Na hau falwaya a ranar da yawu
ke daskarewa kafin ya kai ƙasa.
Amma kan Saruul ya gagare ni.

Ƙarfe bakwai, gari bai waye ba,
hayaƙin kwal na kwance a kan unguwa.
Ta cire rigar ulu,
ƙas, ƙas, ƙas,
sai gashi ya watse, kowane sili da inda ya nufa,
kamar 'yan kasuwa sun ji an ce gobara.
Na sa kum ɗin roba, ya bi kum.
Na danne da tafi, ya liƙe wa tafi.
Na ɗaga hannu, ya biyo ni sama
yana neman ƙarin bayani.

Ta ce, "Baba, a aji bushiya suke ce mini."
Ba ta yi kuka ba.
Ta dai ja hula har gira.

Uyanga na Koriya, kwantiragin shekara uku,
tana liƙa wa kwalaye takarda a wata masana'anta.
Ta bar mini jerin abubuwa a ƙofar firji:
ranar allura, kuɗin hita, lambar takalmi,
wanda ake bin mu, wanda muke bi.
Babu layin gashi.
Abin da hannu ya saba yi,
baki ba ya tuna ya faɗa.

A matakalar bene muka ci karo da tsohuwa Dolgor,
mai hawa na huɗu, mai kare gurgu.
Ta ɗaga hular yarinyar, ta duba, ta dube ni.
"Kai ne mai gyaran wutar?
To wannan ba wuta ba ce, ƙishirwa ce.
Kun bar hita ta shanye ɗakin,
ka kuma bi shi da sabulu kullum kamar tukunya."

Da yamma ta hauro da kayanta a aljihun riga:
matajin katako, haƙori biyu sun fita,
da ƙyallen siliki, ragowar wata rigar biki.
Ta ce a zamaninta kitsen jelar tunkiya ake shafawa,
Saruul ta toshe hanci,
Dolgor ta yi dariya har da tari,
ta ce to man kwalba ma ya yi, ɗigo biyu,
a murza a tafi tukuna, a bi ta baki-baki,
kada a tsoma kan 'yar mutane a miya.

Na ɗora kwanon ruwa a kan hita.
Na rage wanki zuwa Laraba da Lahadi.
Daren nan na zauna da zare da allura
ina shimfiɗa wa hular ulu siliki a ciki.
Ni da ke haɗa waya ido a rufe,
sau huɗu na soke yatsa.

Kwana uku, gashi ya sauko.
Bai sauko duka ba,
akwai wasu 'yan tawaye wajen kunnen hagu.
Na yi kitso biyu, ɗaya ya fi ɗaya kauri,
na ɗauki hoto na tura.
Amsa ta zo tsakar dare: "Wa ya koya maka?"
Sai wata bayanta: "Tsagar ta karkace."

Yau a ƙofar makaranta
na cire safar hannu in gyara mata ɗankwalin wuya.
Yatsana ya taɓa kumatunta,
tas!
ɗan tartsatsi shuɗi, mu duka muka zabura.
Ta ce, "Baba, ka ja ni!"
Na ce ke kika ja ni.
Ta ruga ciki, kitson na dukan bayanta.

Na san maganin wannan ma:
in taɓa ƙarfen ƙofa da makulli kafin in taɓa ta.
Makullin na aljihu.
Na bar shi a can.