Sikelin Maƙera a Santa Clara

Kafin ƙararrawar coci ta buga shida,
tsoho Crisanto ya turo amalankensa mai ɗingishi,
ya juye abin da garin ya gaji da shi:
hanjin firiji, bututun famfo mai yoyo,
injin fankar da ta daina juyi
tun damina uku da suka shige.

Ni ke riƙe da sikeli.
Babana Nicanor bai yarda da lissafi ba,
bakin wuƙarsa ya yarda da shi.
Ya kankare koren da ya lulluɓe bututu,
ja ya leƙo kamar tsokar kankana.
Ya ce, “Barci yake yi, ku bar ni da shi.”

Kilo tara da rabi, na rubuta.
Crisanto ya rantse goma ne cif,
wai sikelina ya san gidan da yake ci.
Kullum sai mun yi wannan cacar baki,
kullum sai ya tafi da kuɗin wake da gurasar masara
da man shafawa na gwiwar matarsa.

Kakana rami ya shiga, can arewa.
Sukan fasa tudu guda
su fito da abin da bai cika kwando ba.
Rafi ya canza launi, awaki suka ƙi sha,
shi kuma ya dawo da tari
wanda bai rabu da shi ba sai a makara.
Namu ramin yana bayan gidajen mutane,
ba ma ɗaura fitila a goshi,
dutse kuwa yana can da bishiyoyinsa.

Da magariba sai a haƙa gurbi cikin toka,
a jibga gawayi, zuga-zugi ya fara nishi.
Wayar da ta taɓa kai gaisuwa,
da wadda ta kai labarin rasuwa,
da wadda ta haska ɗakin haihuwa,
su kwanta tare, su narke, su zama curi ɗaya.
Wuta ba ta tambayar asali.

Da safe maza huɗu su kewaye uwar maƙera,
masaba na bin masaba,
ba mai kallon ɗan’uwansa, ba mai kuskure.
Tun ina goye nake barci cikin wannan amo.

Wata Talata wani yaro, Fidencio,
ya shigo da nadin waya ƙarƙashin riga,
tana ƙyalli, bakin yankanta ɗanye shar.
Ya ce tsintuwa ya yi.
Daren jiya kuwa unguwar tudu a duhu ta kwana,
har da gidan da ake jinyar Doña Eulalia.
Baba bai ɗaga murya ba.
Ya ce, “Mai da ita inda take aiki.
Nan wankan gawa muke yi, ba ma kisa.”
Yaron ya kai ƙofa, sai Baba ya ƙara:
“In ka mayar, gobe ka zo. Mai zuga ya tsufa.”
Shekara bakwai ke nan.
Masaba ta uku da kake ji, tasa ce.

Jiya Amparo mai alewar gwaba ta zo
da kaskon da ta gada wurin uwarta,
gindinsa ya huje bayan shekara arba’in a kan murhu.
Ta shafa shi kamar mai sallamar ɗa,
ta ce a sa shi cikin sabon da za mu ƙera mata,
kada ɗanɗanon hannun tsohuwa ya ɓata.

Na ɗora shi. Kilo shida.
Na buɗe littafi, biro a hannu, na tsaya,
don shafi biyu gare ni,
na abin da ya shigo da na abin da ya fita,
ban san inda zan rubuta shi ba.